Labarin Ƙasa na Tsibirin Montserrat

Montserrat ƙaramin tsibiri ne mai tsaunuka da ke gabashin Tekun Karibiyan, a cikin jerin tsibiran da ake kira Ƙananan Antil. Yanki ne na Birtaniya na ƙetare: yana da gwamna da ake naɗowa daga Landan, da kuma firimiya da majalisa waɗanda jama'ar tsibirin ke zaɓa. Tsawonsa daga arewa zuwa kudu kimanin kilomita 16 ne, faɗinsa kilomita 11 a inda ya fi faɗi, girmansa kuwa kimanin murabba'in kilomita 102. An fi saninsa da dutsen Soufrière Hills mai aman wuta, wanda ya farka ranar 18 ga Yuli 1995 bayan ɗaruruwan shekaru yana shiru, ya binne babban birnin tsibirin, Plymouth, ya kuma sa kusan kashi biyu cikin uku na jama'a yin hijira. Har yau an hana zama a fiye da rabin ƙasar tsibirin, wato ɓangaren kudu.

Suna

Kiristofa Kolombus ne ya raɗa wa tsibirin suna a watan Nuwamba na 1493, a tafiyarsa ta biyu zuwa yankin. Ya kira shi Santa María de Montserrat, sunan wani gidan ibada na Kirista da ke kan dutse kusa da Barcelona a ƙasar Sifaniya. A harshen Katalan sunan ya haɗa kalmomi biyu: mont, wato dutse, da serrat, wato mai haƙora irin na zarto. Duk wanda ya hango tsibirin daga teku zai ga sunan bai yi ƙarya ba. Mutanen Kalinago, waɗanda suka riga Turawa zama a waɗannan tsibirai, suna kiransa Alliouagana, wanda ake fassarawa da ƙasar ƙayoyi.

Sunan dutsen kuma daga Faransanci ya fito. Soufre ita ce farar wuta, soufrière kuwa wurin da farar wuta ke fitowa daga ƙasa. Wannan suna yana yawan rikita ɗalibai, domin akwai dutse mai aman wuta mai suna Soufrière a tsibirin Guadeloupe, akwai wani a Saint Vincent wanda ya yi aman wuta a 2021, akwai kuma garuruwa masu wannan suna a Saint Lucia da Dominica. Na Montserrat ne kaɗai ake haɗawa da kalmar Hills. Wasu daga cikin sauran sunayen wurare, irin su Kinsale da Cork Hill da St Patrick's, gado ne daga 'yan Ayilan da suka ƙaura zuwa tsibirin daga Saint Kitts a 1632. Saboda su, da kuma koren dajinsa, ake yi wa Montserrat laƙabi da tsibirin zumurrudu na Karibiyan.

Wuri da siffa

Tsibirin yana kan digiri 16 da minti 45 arewa da tsakiyar duniya, da digiri 62 da minti 12 yamma. Kusan layi ɗaya ke nan da birnin Agadas na Nijar, sai dai shi teku ne ya kewaye shi ta kowace fuska, abin da ya sa yanayinsu ya yi hannun riga. Antigua tana arewa maso gabas da shi da kimanin kilomita 43, Guadeloupe tana kudu maso gabas, Nevis kuma tana arewa maso yamma. Tsakaninsa da Nevis akwai wani dutse a tsakiyar ruwa mai suna Redonda, wanda ba kowa a kansa, kuma mallakin ƙasar Antigua da Barbuda ne.

A taswira Montserrat yana da siffar fiya, siririn kan yana arewa, faffaɗan gindin yana kudu. Tsawon gaɓar tekunsa kimanin kilomita 40 ne, kuma yawancinta gangare ne mai tsayi da igiyar ruwa ta sassaƙe. Babu wata tashar jiragen ruwa ta halitta mai kariya sosai. Fili shimfiɗaɗɗe ma kaɗan ne ƙwarai.

Yadda tsibirin ya samu

Montserrat gaba ɗayansa aman wuta ne ya gina shi. Ƙasan Tekun Atlantika yana kutsawa a hankali ƙarƙashin faifan ƙasa na Karibiyan, kimanin santimita 2 a shekara. Idan ya nitse ya yi zurfi, zafi da matsi sukan fitar da ruwan da ke cikin duwatsunsa. Ruwan yakan hau ya sa duwatsun da ke sama su narke, narkakken dutsen kuma ya nemi hanyar fita. Wuraren da ya ɓullo su ne tsibiran da suka jeru kamar baka daga Saba a arewa zuwa Grenada a kudu. A arewacin wannan jeri bakan ya rabu biyu. Tsibiran gabas, kamar Antigua da Anguilla, tsofaffi ne da wutarsu ta mutu tun tuni, dutsen farar ƙasa ya lulluɓe su, shi ya sa suke a kwance da farin yashi. Na yamma, ciki har da Montserrat, su ne masu tsayi da baƙin yashi, kuma wutarsu na nan.

Tsaunukan tsibirin rukuni uku ne, shekarunsu kuma suna raguwa daga arewa zuwa kudu. Silver Hills da ke can arewa su ne mafi tsufa, sun haura shekara miliyan ɗaya, wasu duwatsunsu ma sun haura miliyan biyu. Ruwa da iska sun cinye su har tsayinsu bai wuce mita 403 ba. Centre Hills da ke tsakiya sun samu ne tsakanin shekara dubu 950 zuwa dubu 550 da suka wuce, mafi tsayinsu shi ne Katy Hill mai mita 741. Soufrière Hills da 'yan uwansu South Soufrière Hills su ne ƙanana a shekaru. Kafin 1995 ƙololuwar tsibirin ita ce Chances Peak mai mita 915. Tun daga lokacin tsayin wuri mafi tsayi ya daina tsayawa a lamba ɗaya, domin tulluwar narkakken dutse tana girma tana rushewa. A 2015 an ƙiyasta tsayinta da mita 1,050.

Irin narkakken dutsen da ke fita a nan shi ne ake kira andesit, kuma halinsa ne ya sa dutsen ke da haɗari. A wurare kamar Hawaii narkakken dutse yana malala ne kamar kunu, mutum na iya kauce masa da ƙafa. Na Montserrat kauri ne da shi kamar tuwo. Ba ya gudu, sai dai ya taru a bakin ramin ya yi tulluwa, cikinsa cike da iskar gas mai matsi. Idan tulluwar ta yi tsayi fiye da yadda gefenta zai ɗauka, sai wani ɓangare ya ɓalle. Duwatsun su farfashe, gas ɗin ya kuɓuce, haɗin toka da tsakuwa da iska mai zafin ɗaruruwan digiri ya gangaro ta cikin kwari da gudun da ya haura kilomita 100 a sa'a. Wannan kwarara mai zafi ita ce ta hallaka kusan mutum 28,000 a garin Saint-Pierre na Martinique a 1902, ita ce kuma ta cinye kudancin Montserrat.

Yanayi da ruwa

Zafin tsibirin ba ya sauyawa sosai a shekara, yawanci yana tsakanin digiri 24 zuwa 31 a bakin teku, da sanyi-sanyi a kan tsaunuka. Iska tana kaɗawa daga gabas kusan kullum, ɗauke da danshin Atlantika. Idan ta ci karo da tsauni sai ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da ruwa. Saboda haka ruwan sama a nan tsayin wuri yake bi. Ƙananan wurare na bakin teku suna samun kimanin milimita 1,000 a shekara, kan tsaunuka kuwa ya ninka haka ko fiye. Silver Hills ba su da tsayin da za su tare gajimare, shi ya sa arewa ta fi ko'ina bushewa, da ƙayoyi da gajerun itatuwa. An fi samun ruwa daga Yuli zuwa Nuwamba, rani kuma yakan faɗo daga Fabrairu zuwa Mayu, ko da yake ba rani ne mai tsanani ba.

Lokacin mahaukaciyar guguwa yana farawa a Yuni ya ƙare a Nuwamba. Da yawa daga cikin waɗannan guguwoyi suna farawa ne a matsayin hadari a sararin Afirka ta Yamma, su fita teku ta wajen tsibiran Cape Verde, su yi ta ƙara ƙarfi a kan ruwan ɗumi har su isa Karibiyan. Haka guguwar Hugo ta yi. Ta afka wa Montserrat ranar 17 ga Satumba 1989, ta lalata kusan kashi 90 cikin 100 na gine-gine, ta rusa gadar jiragen ruwa ta Plymouth, ta kuma kawo ƙarshen ɗakin naɗar waƙoƙi na AIR Studios da George Martin ya buɗe a 1979. Ƙurar Sahara ma takan ƙetare teku ta isa tsibirin, ta dusashe sararin sama na wasu kwanaki.

Koguna na gaske ba su da yawa. Abin da ya tsattsaga tsibirin shi ne kwazazzabai masu zurfi da ke gangarowa daga tsaunuka zuwa teku, yawancinsu a bushe suke sai an yi ruwa. Mutanen wurin suna kiran irin wannan kwazazzabo ghaut, suna furta shi kamar "got". Ana samun kalmar a Nevis da Saint Kitts ma. Wasu masu nazarin harshe suna danganta ta da ghat ta ƙasar Indiya, wato mashigin dutse, wasu kuma da kalmar Turanci gut, wato siririyar hanyar ruwa. Mafi shahara shi ne Runaway Ghaut, wanda ake cewa duk baƙon da ya sha ruwansa sai ya sake dawowa tsibirin. Ruwan sha kuwa kusan dukkansa daga maɓuɓɓugan gindin Centre Hills yake fitowa. Dajin da ke kan tsaunukan shi ne ke riƙe ruwan sama har ya tsuma cikin ƙasa, don haka kare wannan daji ya wuce maganar tsuntsaye, maganar ruwan famfo ce.

Aman wuta daga 1995

Kafin 1995 ba a taɓa rubuta labarin wani aman wuta a tsibirin ba tun zuwan Turawa. Abin da aka sani shi ne ramuka masu hayaƙi da warin farar wuta, kamar Galway's Soufrière, waɗanda masu yawon buɗe ido ke zuwa kallo. Amma dutsen ya sha yin gyaran murya. An yi jerin girgizar ƙasa a 1897 zuwa 1898, da 1933 zuwa 1937, da 1966 zuwa 1967, kusan duk bayan shekara talatin. A 1987 masana biyu, Geoffrey Wadge da Michael Isaacs, sun rubuta rahoto da ya nuna Plymouth na cikin wuraren da aman wuta zai iya shafa. Rahoton bai samu kulawa ba. Bayan guguwar Hugo, a cikin Plymouth ɗin aka sake gina asibiti da ofisoshin gwamnati.

Dalilin da ya sa birnin yake a wurin ba boyayye ba ne. Kudu maso yammacin tsibirin yana da gangare mai sauƙi da ƙasa mai albarka, ga kuma kariya daga iskar gabas ga jiragen ruwa. Sai dai wannan gangare mai sauƙi tarin tokar da dutsen ya zubar ne a tsofaffin aman wutarsa. Albarkar ƙasar ma daga nan take. Wato dai wurin da ya fi daɗin noma da gini shi ne ainihin hanyar da kwararar toka ta saba bi, kuma tazarar Plymouth da bakin dutsen ba ta wuce kilomita 4 zuwa 5 ba.

Girgizar ƙasa ta dawo a 1992. Ranar 18 ga Yuli 1995 tururi da toka suka fara fita daga English's Crater, wani rami mai faɗin kusan kilomita ɗaya da bakinsa ke buɗe ta gabas. A watan Agusta toka ta rufe Plymouth har rana ta koma dare, aka kwashe mutane a karon farko. A Nuwamba sabuwar tulluwa ta bayyana. An yi ta kwashe jama'a ana mayar da su, har zuwa Afrilu 1996 da aka bar birnin gaba ɗaya. Dubban mutane suka koma arewa, inda gidaje ba su isa ba, aka cunkushe su a coci-coci da makarantu.

Ranar 25 ga Yuni 1997 wani ɓangare na tulluwar ya rushe ta arewa. Kwarara mai zafi ta bi Mosquito Ghaut, ta yi ambaliya ta haye gefen kwarin, ta shiga ƙauyukan da ke tsakiya da gabashin tsibirin. Mutum 19 suka mutu. Dukkansu suna cikin yankin da aka riga aka hana shiga, kuma da yawansu manoma ne da suka koma duba gonakinsu. Yana da sauƙi a kira wannan taurin kai, amma binciken da kotu ta yi daga baya ya ɗora wani ɓangare na alhakin a kan hukumomin tsibirin da na Birtaniya, saboda ba su samar wa manoman da aka tayar filin noma a arewa ba. A watan Agusta na shekarar kwararar toka ta shiga tsakiyar Plymouth ta ƙone shi. A Satumba ta lalata filin jirgin sama na W. H. Bramble da ke gabar gabas. Ranar 26 ga Disamba gefen dutsen na kudu maso yamma ya zabtare, fashewar da ta biyo baya ta share ƙauyen St Patrick's. Da yake an riga an kwashe mutane, ba wanda ya mutu.

Daga nan dutsen ya shiga wani salo: tulluwa ta yi shekara ɗaya ko biyu ko uku tana girma, ta rushe, a ɗan huta, ta sake farawa. Rushewa mafi girma ita ce ta 12 zuwa 13 ga Yuli 2003, inda kimanin kubik mita miliyan 210 na dutse ya gangara ta kwarin Tar River ya faɗa teku. Ba a taɓa rubuta rushewar tulluwa da ta kai wannan girma ba a wani dutse. An sake yin wata babba ranar 20 ga Mayu 2006. Ta ƙarshe ita ce ta 11 ga Fabrairu 2010, wadda ta tura toka sama har kimanin kilomita 15, ta kuma ƙarasa binne abin da ya rage na tsohon filin jirgi.

Yadda taswira ta sauya

Taswirar Montserrat da aka buga kafin 1995 ba ta da amfani sosai ga kudancin tsibirin a yau. A bakin Tar River da White River toka da duwatsu sun cike teku sun samar da sabuwar ƙasa mai siffar mafici. Rushewar 2010 kaɗai ta tura gaɓar arewa maso gabas ɗaruruwan mitoci cikin ruwa. Wasu kwaruruka sun cike har sun ɓace, ruwa ya haƙa sababbi. Mafaɗar ruwa ta Great Alps, wadda a da take cikin abubuwan alfaharin tsibirin, tana ƙarƙashin toka. Mafi yawan abin da dutsen ya fitar ma ba a kan tudu ya tsaya ba, yana kwance a ƙasan teku ta gabas.

Abin da ya fi binne Plymouth ba wuta ba ce, laka ce. Duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi, yakan kwaso sako-sakon tokar da ke gefen dutsen ya gangaro da ita kamar kwaɓin siminti, da manyan duwatsu a ciki. Masana suna kiran wannan ambaliya lahar, kalmar da aka aro daga harshen Java na Indunisiya. Shekara bayan shekara ta yi ta hawa kan birnin, har a wasu unguwanni rufin gidajen bene kawai ake gani. Irin wannan laka ce ta cike kwarin Belham, ta binne gadarsa da filin wasan golf da ke cikinsa. Kwarin yana da muhimmanci domin kusan shi ne iyaka tsakanin yankin zama da yankin haɗari, kuma mazauna tsallakensa sukan rasa hanya duk sanda ambaliya ta zo.

A hukumance tsibirin yana da gundumomi uku: Saint Peter a arewa maso yamma, Saint Georges a gabas, Saint Anthony a kudu. Kusan dukkan jama'a yanzu a Saint Peter suke. An raba kudu zuwa shiyyoyi gwargwadon haɗarinsu. Wasu ana shiga da rana, amma shiyyar da ta ƙunshi dutsen da Plymouth sai da izini da ɗan rakiya. Dokar hana shiga ta haɗa har da wasu sassan teku, domin kwarara mai zafi tana iya gudu a kan ruwa. A doka har yanzu Plymouth ne babban birni, ko da yake ba mai kwana a cikinsa. Ofisoshin gwamnati suna Brades.

Daji da namun daji

Tsirrai suna sauyawa da tsayi: ƙayoyi da busasshen daji a bakin teku, daji mai danshi a tsakiya, sannan gajerun itatuwa masu gansakuka a ƙololuwa inda iska da hazo ba sa yankewa. Aman wuta ya ƙone mafi yawan dajin kudu, ya bar Centre Hills a matsayin babban daji ɗaya da ya rage, sai wani ɗan yanki a South Soufrière Hills da toka ta kewaye.

A wannan daji ne tsuntsun ƙasa yake, wato oriole na Montserrat, mai sunan kimiyya Icterus oberi. Namijin baƙi ne da rawaya, kuma ba a samun irinsa a daji ko'ina a duniya sai nan. Yakan saƙa sheƙarsa a ƙarƙashin faffaɗan ganye, musamman na helikoniya. Ya rasa fiye da rabin mazauninsa, ɓeraye kuma suna cin ƙwansa. Akwai kuma wani ƙadangare mai santsin jiki da ake kira galliwasp, wanda ganinsa ke da wuya ƙwarai, da tsirrai irin su Rondeletia buxifolia da furen Epidendrum montserratense, duk na tsibirin ne shi kaɗai.

Labari mafi muni shi ne na wani ƙaton kwaɗo, Leptodactylus fallax, ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya. Mutanen wurin suna kiransa kazar dutse, wai don namansa ya yi kama da na kaza. A Montserrat da Dominica kawai ya rage. Ya tsira daga farauta da toka, amma a 2009 wata cutar fata da wani nau'in fumfuna ke haddasawa ta shigo tsibirin, ta kusa ƙarar da shi cikin ɗan lokaci. An kwashe guda 50 zuwa gidajen namun daji a Turai don a hayayyafa su, ana kuma ta gwajin mayar da 'ya'yansu. Wata matsalar ita ce dabbobin gida da aka bari a kudu lokacin gudu. Aladu da awaki da shanu sun koma na daji, suna kutsawa Centre Hills suna tone ƙasa suna cin ƙananan itatuwa.

Gaɓar teku

Rairayin bakin teku kusan duk a yamma suke, inda ruwa ya fi kwanciya: Little Bay, Carr's Bay, Woodlands, Lime Kiln Bay, Old Road Bay. Yashinsu baƙi ne ko ruwan toka. Rendezvous Bay da ke arewa maso yamma ne kaɗai ke da yashi mai haske, wanda ya samu daga ɓarɓashin murjani da bawon halittun ruwa, kuma sai da ƙafa ko kwale-kwale ake isa gare shi. Kunkurun teku suna hawowa waɗannan rairayi su yi ƙwai.

Jama'a da amfani da ƙasa

Yawancin 'yan Montserrat jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ne don noman rake. Tawayen da bayin suka shirya ranar 17 ga Maris 1768 yana cikin abin da ake tunawa a bikin St Patrick na kowace shekara. An soke bauta a 1834. Bayan rake ya faɗi, tsibirin ya koma noman lemun tsami, sannan auduga mai dogon zare. Zuwa 1995 kusan mutum 11,000 ke zaune a cikinsa, mafi yawansu a kudu da tsakiya, kimanin 4,000 a Plymouth. Waɗanda suka yi hijira sun fi tafiya Birtaniya da Antigua da Amurka. Ƙidayar 2011 ta samu mutum 4,922, wani kaso mai yawa daga cikinsu baƙi ne da suka zo aiki daga Guyana da Jamaika da Jamhuriyar Dominika.

Arewar da aka koma ita ce ɓangaren da a da ba a damu da shi ba. Tsufan duwatsunta ne ya sa take da aminci, Centre Hills kuma suna tsaye kamar garkuwa tsakaninta da dutsen. Amma ƙasarta busasshiya ce, marar zurfi, mai gangare. Noma ya ragu ainun, yawancin abinci shigo da shi ake yi. Rashin fili ya fi bayyana a sabon filin jirgin sama na John A. Osborne da aka buɗe a 2005. An gina shi a kan tudu, titin saukarsa kusan mita 600 ne kacal, hanyar mota ma ta ƙarƙashinsa ta ratsa. Ƙananan jirage ne kawai ke iya sauka, tafiyar kimanin minti 20 daga Antigua. A Little Bay ake shirin kafa sabon gari da tashar jiragen ruwa, sai dai wurin a buɗe yake ga manyan igiyoyin ruwa da ke zuwa daga arewa, waɗanda sukan hana jirgi tsayawa na kwanaki.

Dutsen ya kuma ba da wani abu. Yashi da tsakuwar da ake ɗiba a kwarin Belham ana sayar wa maƙwabtan tsibirai don gini, kuma suna cikin manyan kayan da Montserrat ke fitarwa. A 2013 an haƙa rijiyoyi masu zurfi a kusa da Cork Hill don neman tururin da za a samar da lantarki da shi, an kuma samu zafin da ake nema, ko da yake tsibirin ya ci gaba da dogara da man dizal da ake shigowa da shi. Masu yawon buɗe ido suna hawa Garibaldi Hill da Jack Boy Hill don hangen kufan birni da tsohon filin jirgi.

Cibiyar sa ido kan dutsen, Montserrat Volcano Observatory, tana Flemmings kusa da garin Salem, inda ake hango tulluwar kai tsaye. Tana auna girgizar ƙasa da yawan gas da motsin doron ƙasa dare da rana, tana kuma fitar da rahoto kowane mako. Tun Fabrairu 2010 sabon narkakken dutse bai sake fitowa ba, kuma ciyayi sun fara rufe tokar da ke gangaren. Amma dutsen yana ci gaba da fitar da ɗaruruwan tan na iskar farar wuta a kowace rana, na'urori kuma suna nuna ƙasar tsibirin tana kumbura a hankali, alamar narkakken dutse na taruwa a can ƙasa. Saboda waɗannan alamu biyu masana suke lissafa wannan lokaci a matsayin hutu a cikin aman wutar da ya fara a 1995, ba su ayyana cewa ya ƙare ba.